Cakulan a Gidan Buɗe-Baki

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa. Duk unguwar Buɗe-Baki ake ce masa, a bayan idonsa, domin kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. A gabansa kuwa Likita ake cewa, shi ma yana amsawa har da gyaran murya, alhali ba likita ba ne. Mataimaki ne a asibitin haƙori. Shi ke miƙa filaya, shi ke danne kan mutum in ya fara zille-zille, shi ke kwaɓa abin cike rami, shi ke dafa kayan aiki bayan an tashi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana leƙa bakunan jama'a, kuma abin da ya gani a ciki ya sa ya daina ganin girman kowa. Ya sha faɗa cewa ya ga manya masu tumbi suna kiran uwarsu a kan kujerar nan, duk a kan alawar da ba ta kai kan ɗan yatsa ba.

In ka gaishe shi, kai kana tambayar gajiya, shi yana ƙirga haƙoranka. Mutanen benen da yake zaune a hawansa na ƙasa sun koyi gaishe shi baki a rufe, kamar waɗanda suka guntsi ruwa. Mai shagon bakin titi, in ya hango shi tafe, sai ya ja jarida ya rufe kwalbar alawa, don kada a yi masa wa'azi a gaban masu saye. A falonsa kuwa, saman kabad, dab da hoton aurensu, akwai wata kwalba cike da ruɓaɓɓun haƙoran da ya tara daga wurin aiki. Duk baƙon da ya kuskura ya zo da ɗansa, sai an sauko da kwalbar nan an girgiza masa ita a kunne. Da yawa ba su sake zuwa ba, shi kuma ya ɗauka magana ce ta shiga.

A yi masa adalci, ba haka kawai ya tsani zaƙi ba. Mahaifiyarsa ta yi aiki a kamfanin alawa tun tana budurwa, kuma kafin ta cika arba'in babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Ya tashi yana ganinta tana jiƙa burodi a shayi, tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya. Abin ya tsaya masa a rai. Ranar da ya yi aure ya kafa doka, kuma bai taɓa sassauta ta ba: sukari ba ya kwana a gidansa. Shayi haka ake shan sa tsura. Ranar zagayowar haihuwar yara, karas ake yankawa da kokwamba a jera a faranti, a soka kyandir a jikin burodi, a ce su hura. 'Ya'yansa biyu, babban namiji da Auta mace, sun girma da haƙora irin na talla, da fuskar waɗanda aka zalunta.

Matarsa kowa Malama yake ce mata, har shi, domin ta koyar da 'yan aji uku na firamare har ta yi ritaya. Gajeriya ce mai yawan murmushi, duk abin da ya faɗa sai ta ce "to". Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa, ta yaya macen da ke juya yara hamsin ba bulala za ta dawo gida ta rasa ta cewa? Buɗe-Baki bai tambaya ba. Shi dai alfaharinsa, wanda duk ma'aikatan asibitin sun haddace don dole, shi ne shekara talatin da shida da aure, babu rami ko ɗaya a bakin matarsa. Duk wata shida yakan zaunar da ita a bakin taga, ya haska mata tocila, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce madalla. Ita kuma ta ce to, ta tashi ta ci gaba da aikinta.

Ranar da ya ajiye aiki, abokan aikinsa suka haɗa masa ɗan taro, suka ba shi agogon bango, wani marar tunani kuma ya kawo kek. Ya karɓi agogon, ya yi jawabin minti ashirin a kan kek ɗin, har masu sharar da suka tsaya don su samu yanki suka haƙura suka sulale.

Wata bakwai bayan nan, da safe, Malama tana shanya a bayan gida, rigar da ke hannunta ta faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, ita ma ta bi ta. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likitoci. Ta yi mako uku a asibiti, ta dawo a keken marasa lafiya, hannun dama da ƙafar dama sun daina jin magana, baki ya ɗan karkace, magana kuma sai kalma ɗaya ɗaya, kowace sai ta yi mata naƙuda kafin ta fito. Wannan duka da sauƙi. Abin da ya tayar da hankalin kowa shi ne ta daina cin abinci.

An gwada maƙogwaron, haɗiya lafiya lau. Ita ce dai ba ta so. Buɗe-Baki, wanda bai taɓa dafa ko ƙwai ba, ya ɗaura tawul a ƙugu ya faɗa kicin da ƙarfinsa. Ya dafa shinkafa ta caɓe, ya yi romon kaza, ya murƙushe dankali da madara. Sai ya kai cokali bakinta ya ce, "Malama, buɗe baki," ita kuma, karo na farko a tarihin aurensu, ta ƙi cewa to. Cokali biyu, uku in an yi sa'a, sai ta juya fuska bango. Zoben hannunta ya fara zamewa da kansa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, kuma da yake bai iya jin tsoro ba sai ya mai da shi faɗa. Ya yi wa mai kaza faɗa, ya yi wa tukunya faɗa, ya kira ɗansu babba a waya ya wanke shi tas saboda laifin samun aiki a gari mai nisa.

Likitar da ke duba ta yarinya ce sa'ar Auta, mai haƙori ɗaya da ya hau kan ɗan'uwansa, abin da ya sa tun farko bai gamsu da iliminta ba. Ta ɗora Malama a sikeli, ta duba takarda, ta ce kilo goma sha ɗaya sun tafi. Ta ba su mako biyu. In suka dawo nauyin bai daina sauka ba, za a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci, a riƙa ɗura mata abinci. Malama ta dube shi. Hawaye ne suka biyo ɓarin fuskar da ke motsi da wanda ba ya motsi, ta kama hannun rigarsa da hagu ta riƙe gam. Ya san ma'anar riƙon. Ya kuma san robar, ya sha ganin yadda ake saka ta.

Da yamma Auta ta biyo daga ofis, ta same shi a kicin yana kankare ƙanzon shinkafa kamar yana da tsohuwar gaba da tukunyar. Ta tura ƙofa, ta ce ya zauna, akwai magana. Ya ce ta faɗa, yana ji. Ta ce a'a, wannan ta zaune ce.

"Baba, akwai abin da Mama take so. In aka ba ta, ina jin za ta ci."

"To me kike jira? Mene ne?"

"Cakulan."

Ya ce ta daina wasa da ciwon uwarta. Matar da rabonta da sukari tun tana gidan iyayenta, ina ta san wani cakulan?

Nan Auta ta fasa ƙwan da aka shekara talatin da shida ana riritawa. Malama takan riga shi dawowa daga aiki da awa uku. Duk Laraba da Asabar sai ta fito da kayanta daga bayan tsofaffin littattafan makaranta. Ta zuba biskit a leda ta dake shi da kwalba, ta narkar da bota a kwano a kan ruwan zafi, ta zuba garin cakulan da madarar gwangwani mai kauri, ta kwaɓa, ta mulmula ƙanana, ta birkiɗa su a gogaggiyar kwakwa, ta sa a firij. Ba ta kunna wuta, ba ta gasa komai, domin ƙamshin gashi yana kama labule, hancinsa kuwa kowa ya san shi. Gwangwanin da ledar a jakarta take fita da su washegari, ta jefa a kwandon sharar makaranta.

"A gidan nan?"

"A firij ɗin nan, Baba. Durowar ƙasa, ƙarƙashin alayyahu."

Mutumin da ya cika duniya da zancen cin ganye, ashe ko sau ɗaya bai taɓa buɗe durowar ganyen gidansa ba, kuma Malama ta lura tun shekarar farko. Ya tambayi Auta ko yayanta ya sani. Auta ta ce ai Yaya ya fi kowa ci. Ya tambayi haƙoran fa, haƙoran da yake haskawa da tocila? Ta ce Mama tana da buroshi na biyu a jaka, kuma duk wanda ya ci sai ya goge baki a gabanta sau biyu, wato dokarsa ta ɗauka ta raba biyu ta yi aiki da rabi. Sannan ya yi tambayar da bai kamata ya yi ba. Lokacin da mahaifiyarsa ta zauna tare da su, shekarunta huɗu na ƙarshe, ai dai an ji kunyarta an daina?

"Kaka ce ta ce a ƙara madara," in ji Auta. "Ta ce shi kaɗai ne abin da ba ya neman haƙori."

Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba in ban da tukunya. Ya ji haushi na gaske. Ashe duk shekarun nan shi kaɗai ne baƙo a gidansa, an haɗa baki har da tsohuwar da ya kafa dokar saboda ita! Sau biyu ya ja durowar ya leƙa, babu komai sai busasshen alayyahu da rabin albasa. A rana ta uku Malama ta karɓi cokali ɗaya rak. Ya kalli kalanda, saura kwana goma sha ɗaya. Ya zura takalmi ya tafi wani babban kanti can nesa da unguwa, inda babu wanda ya san fuskarsa.

Sai dai Buɗe-Baki ba zai yi abu yadda mutane ke yi ba. Ya ce in ma ɓarna za a yi, a yi ta bisa ilimi. Ya sayo garin cakulan marar sukari, da biskit ɗin masu ciwon sukari mai ɗanɗanon kwali, da madara marar kitse, da 'yan ƙwayoyin nan masu zaƙin ƙarya. Ya sa safar hannu da takunkumi. Ya dafa cokali da kwano minti goma. Ya auna komai a ɗan sikelin hodar da ya taho da shi daga wurin aiki, ya kwaɓa a kan farantin gilashi da 'yar wuƙar da yake kwaɓa abin cike rami da ita. Abin ya fito baƙi ƙirin, ya sa rula ya yanka daidai wa daida. Ya jera uku a tire, gefensu buroshi an riga an matsa masa man goge baki, da kofin ruwa, da kwanon tofarwa. Ya ajiye gabanta, ya tsaya a kanta hannu a baya.

Malama ta kalli tiren, ta kalle shi. Ta sa yatsa ta danna ɗaya, ta ji taurinsa. Ta ɗauka, ransa ya fara sanyi, sai ta sake shi a cikin kwanon tofarwar, ya yi ƙara kamar tsakuwa. Ta juya fuska bango.

Auta ta yi dariya a waya har ta ƙware, sannan ta karanto masa yadda ake yin na gaskiya. Ta ce kada ya rage komai, kada ya ƙara komai, kuma don Allah ya cire takunkumin nan. Ya koma kantin. Da ya fasa gwangwanin madarar ya ga yadda take zuba a hankali tana danƙo, sai da ya kawar da kai, domin a lissafinsa rami huɗu ne a kowane cokali. Ya daka biskit, ya narkar da bota a kan ruwan flas, ya kwaɓa da hannunsa ba safa, abin ya manne masa har tsakanin yatsu, yana tsaki yana mulmulawa. Wasu sun yi girma, wasu ƙanana, wasu kai ka ce taka su aka yi. Ya birkiɗa su a kwakwa, ya ba su awa guda a firij, ya kai mata falo, wannan karon ba buroshi. Ya ja kujera ya zauna gabanta, ya zuba mata ido.

Ta kalle su, ya ga maƙogwaronta ya motsa. Zai iya rantsewa ya gani. Amma ta ɗago ta ga idonsa a kan bakinta, sai ta ture farantin da bayan hannu. Ya lallaɓa ta. Ya ce Auta ta faɗa masa komai, ya yafe, abin da ya wuce ya wuce, ya ba ta izini. Da ya ambaci izini ma sai ta rufe ido gaba ɗaya. Saura kwana takwas.

Yana tsaye a kicin da farantin a hannu, ya rasa ko ya zubar ko ya zauna ya yi kuka, aka buga ƙofa. Mai Allura ne, tsohon abokin aikinsa wanda ke kashe wa mutane dasashi kafin a cire haƙori, ya zo dubiya. Mutum ne da in ya ga abu da safe, kafin rana ta take duk asibitin sun ji, har da ƙari. Buɗe-Baki ya dubi farantin, ya dubi ƙofa. Wa'azin shekara talatin da huɗu ne zai tashi a banza. Ya juye su a roba, ya fizgo durowar ƙasa, ya cusa ƙarƙashin alayyahu, ya goge hannu a wando. Ƙofar kicin a buɗe take, Malama kuma tana falo a kekenta, amma a lokacin ta kansa yake yi.

Mai Allura ya yi awa guda, ya sha shayi tsura yana yamutsa fuska, ya ba da labarin ciwon duk wanda suka sani. Da zai tafi Buɗe-Baki ya raka shi, rakiyar ta kai su har inda ake hawa mota, saboda mutumin bai iya gama magana ba. Sai da aka ci minti arba'in a waje.

Da ya dawo, keken ba ya inda ya bar shi. Kusa da talabijin ya bar ta, a bakin taga ya same ta, dab da ƙofar kicin, tana haki kaɗan-kaɗan, tana kallon titi kamar an ba ta gadinsa. Matar da aka yi makonni ana roƙo ta ja keken nan da ƙafar hagu tana ƙi. A gefen bakinta, ɓarin da ba ta ji, akwai ɗan ɓurɓushin kwakwa, da wani baƙi-baƙi a leɓe. Buɗe-Baki kuwa daga ƙofar ɗaki yake gane abin da ka ci jiya. Ya wuce kicin kamar zai sha ruwa, ya ja durowar a hankali. Goma sha biyu ya mulmula. Tara ya samu.

Murna ta taso masa har wuya. Ya juyo zai fita ya ce mata ya gani, ya gode, ta ƙara, sai ya hango ta ta ƙofa, ya tsaya cak. Rabon da ya ga wannan fuskar tun kafin ciwon. Fuskar "to" ce, mai ɗan murmushi a ƙasa, wadda ya yi shekara talatin da shida yana ɗauka ladabi ne. Sai a lokacin kansa ya ɗau wuta. Ciwo ya ƙwace mata hannu da ƙafa da harshe, ta koma a wanke ta, a juya ta, a kai mata cokali baki, kowa yana da abin da yake so ta yi. Abu ɗaya ya rage nata, ta yi abin da ba a sa ta ba. Shi kuma ya tashi zai ƙwace wannan ma da izininsa. Kunya ta kama shi, tausayinta ya fi kunyar. Ya mai da durowar. Ya fito ya haɗe rai, ya ce Mai Allura ya lalace, ya hango masa sabon rami can ciki ta hagu, duk shan zaƙi ne, mutane ba sa jin magana sam.

Malama ta daɗe tana fama da bakin, sannan ta ce, "To."

Daga ranar gidan ya koma yadda yake a da, sai dai an yi musayar wuri, yanzu shi ne ɓarawon. In ta yi barcin rana sai ya shige ɗakin ajiya, ya naɗe ledar biskit da tawul, ya daka a hankali don kada ta ji. Ya koyi fasa gwangwani ba ƙara. Ya koyi fita da shi a aljihu ya jefa a sharar wani layin. Ya gane da kansa dalilin da ya sa ba a kunna wuta, har ya ji wani irin girmanta da bai taɓa ji ba, domin aikin nan ba na ƙaramin kai ba ne. Wata rana ya lashi yatsa bisa kuskure, sai ya je ya goge baki sau uku. Washegari kuskuren ya sake faruwa.

Kullum da hantsi da yamma yakan tura ta bakin taga, ya sanar da babbar murya cewa zai je sayen jarida, kuma zai daɗe. Sai ya je ya tsaya a shagon bakin titi yana karanta jaridar da ya riga ya karanta, yana duba agogo, yana tsoron kada Malama ta zame daga keken, kada ta ƙware. Mai shagon ya gaji da rufe kwalbar alawa, ya ƙyale ta. Da Buɗe-Baki ya ga abin yana tafiya, sai ya fara ajiye wasu abubuwan a durowar: dafaffen ƙwai, ayaba, ɗan naman kaza a roba. A gabanta kuma ya riƙa faɗa wa iska cewa kazar nan ta baƙi ce, kada wanda ya taɓa. Kazar ta ragu. Abincin da yake kai mata baki da cokali kuwa, har yanzu uku take karɓa ta juya fuska, don kada a raina ta.

Ko ya isa ko bai isa ba, shi ne bai sani ba. Ba su da sikelin mutane a gida, nasa na hoda ne. Zoben kawai yake kallo. Yau ya ga kamar ya zauna, gobe ya ga kamar idonsa ne ke yi masa ƙarya.

Ranar komawa asibiti ta zo. Auta ta kai su a motarta. Aka ɗora Malama a sikelin kujera, lambobin suka yi rawa suka tsaya. Likitar ta duba, ta duba takarda, ta sake dubawa. Nauyin bai ragu ba, ya ma ƙaru da kilo ɗaya da 'yan kai. Ta ce a bar maganar roba, su dawo bayan wata guda. Buɗe-Baki ya zauna a kujerar nas ba tare da ya nemi izini ba.

Likitar ta tambaye shi me ya canza. Ya gyara zama ya ce tsari ne kawai, shinkafa da ganye da romo a kan lokaci, kuma sukari ba ya kwana a gidansa. Tari ya kama Auta, ta fita wai za ta gyara fakin. Likitar ta rubuta magani ta ce ya je ya karɓo, ita za ta ƙara duba hannun Mama.

Ya kai rabin baranda ya tuna ya bar katin a kan tebur. Ya dawo. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ya ji muryar likitar ƙasa-ƙasa.

"Mama, tsakanina da ke. Me kike ci?"

Malama ta yi ta naƙudar kalmar.

"Cakulan."

"'Yarki ce ke kawo miki?"

"Shi. Kar ki faɗa. Zai ji kunya."

Likitar ta yi dariya a hankali, ta tambaya ko ya iya.

"Bai iya ba," in ji Malama. "Amma ina ci."

Buɗe-Baki ya tsaya da hannu a jikin ƙofa, bai tura ba. Idonsa ya cika, ya ji haushin hakan, ya goge da takardar maganin har tawadar ta ɗan ɓaci. Ya ja da baya a hankali har ƙarshen barandar, ya tsaya kusa da wani tsoho mai jiran layi har numfashinsa ya daidaita. Sannan ya taho yana jan takalmi da ƙarfi, yana mita a kan asibitin da ba a ba ka magani sai da kati, don su ji zuwansa tun daga nesa.